Mijin Yaya Ya Buɗe Asibitin Kaji

Mijin yayata ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a asibiti. Haka yake faɗa wa kowa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Abin da ba ya ƙarasawa shi ne, a bakin get ya yi shekarun nan, kan wani benci, yana ɗaga wa motoci ƙarfe su shiga, ya sauke. Amma tun da ya yi ritaya, in ka ji shi ya buɗe baki sai ka rantse rabin mutanen gari shi ya yi musu tiyata. Ko ciwon kai ka ambata a gabansa, sai ya damƙe maka wuyan hannu, ya ƙura wa agogonsa ido, ya girgiza kai. Agogon kuwa tun bara ya tsaya.

Ni tela ne. Shagona manne yake da gidansu, tagata ɗaya tana kallon tsakar gida, saboda haka abin da zan faɗa ba wani ya ba ni labarinsa ba. Ina kan keke ina ɗinki aka yi komai a kan idona.

Yaya tana da kaji goma sha ɗaya a bayan gida. Cikinsu akwai wata wake-wake da muke kira Ta Inna, don ita kaɗai ta rage daga irin kajin mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta. Yaya ba ta haɗa kazar nan da komai ba. Tana yi mata magana kamar mutum, in ta ɓuya minti biyar sai gidan ya kaure da cigiya. A makon da abin ya faru, Ta Inna ba ta daɗe da ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai ba.

Ranar wata Litinin zakaran gidan ya tashi da atishawa. Hancinsa na zubar da majina, ido ɗaya ya kumbura, in ya yi numfashi sai ka ji ƙirjinsa yana ƙara. Yaya ta ce bari ta je bayan kasuwa ta kira likitar dabbobi. Maganar nan ta soki mijinta har zuci. Ya ce yarinyar da ake magana a kanta, shi ya ɗaga wa uwarta ƙarfe ranar da za a haife ta, yanzu kuma ita za a kira gidansa yana zaune da ransa. Ya ce mura ce kawai, ya ga dubunta, kuma kafin Laraba zakaran zai yi cara har a ji shi a tasha.

Yaya na fita cefane ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya ya zube a tsakar gida. Ya toshe tagar ɗakin da buhu, wai iska ce ke kawo mura. Ya rubuta a jikin ƙofa da gawayi cewa lokacin ziyara ƙarfe huɗu zuwa biyar ne. Ya leƙo ta tagata ya karɓi kwali da zare, ya yanka kati, ya rubuta lamba ɗaya, ya ɗaura wa zakara a ƙafa. Sai ya tsaya yana kallon zakaran shi kaɗai a ɗaki, na ga alamar wani abu bai yi masa daidai ba.

"Tela, ka taɓa ganin an kwantar da mutum a asibiti ba mai jinya?"

Na ce ban taɓa gani ba, amma kuma ban taɓa ganin an kwantar da zakara ba.

Bai kula ni ba. Ya dubi kajin ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk cikinsu Ta Inna ce mai hankali, ita za ta iya zaman jinya. Ya sunkuce ta daga kan 'ya'yanta ya jefa ɗaki. 'Yan tsakin suka biyo shi suna tsiwa, ya tare su da ƙafa, ya ce ba a shiga da yara. Ya danna kwaɗo, ya ɗaure mukulli a mazagin wandonsa.

Da Yaya ta dawo ta tarar da 'yan tsaki suna zagaye tsakar gida ba uwa, sai da na tsayar da keke don kada in rasa ko kalma ɗaya. Ta ce ya buɗe ɗakin nan yanzu. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya shiga ya fito da Ta Inna a hammata, ya zaro wani abin awon zafi da wata nas ta ba shi ranar sallamarsa daga aiki, ya cusa wa kazar a ƙarƙashin fiffike. Da ya zare ya ɗaga shi sama, sai fuskarsa ta canza. Ya miƙa wa Yaya ta gani da idonta: arba'in da ɗaya.

Yaya ta san lambar nan. Autanta ya taɓa kai arba'in yana ƙarami, sai da aka yi ta goga masa ruwa yana fizge-fizge. Nan take ta daina gardama. Mijinta ya ce ta gode wa Allah da ya sa a gidan ma'aikacin lafiya take, da yanzu kazar ta shafa wa 'ya'yanta. Yaya ta tattara 'yan tsakin a kwali ta kai ɗakinta, ta bar Ta Inna a hannunsa bisa alkawarin kwana biyu.

To, a nan lissafin ya fara. Ta Inna ta tashi daga mai jinya ta zama marar lafiya, ta samu kati mai lamba biyu. Marasa lafiya biyu kuwa masu jinya biyu suke bukata, sai ya kamo wasu kaji biyu ya tura. Washegari da safe ya auna masu jinyar, su ma arba'in da ɗaya. Ya ba su kati, ya kamo huɗu. Kafin Laraba, ranar da aka yi mana alkawarin cara, babu kaza ko ɗaya a tsakar gidan Yaya, duk suna kwance a asibiti.

Da yamma ya tafi teburin mai shayi ya ba da sanarwa cewa annoba ta shigo unguwa, kuma shi ya fara gano ta. Ya ce duk mai kaza ya kawo a duba masa kyauta. Kyauta kuwa ba ta rasa jama'a. Matar direba ta zo da shida a cikin kwando. Mai walda ya zo da wani jibgegen zakara da yake ji da shi, sai da aka zagaya gida sau uku kafin a kama shi, shi ya ba da arba'in da biyu, aka ce a kai shi ciki da gaggawa. Duk kazar da aka auna sai an same ta da zazzaɓi. Mai shayi ne kawai ya ƙi kawo nasa, ya ce kajinsa suna ci suna sha, bai ga dalilin da zai kai ƙararsu ba.

Na ce wa mijin Yaya, tunda duk wadda ya auna kusan lamba ɗaya take bayarwa, me zai hana ya nemo lafiyayya ya auna mu ga tata lambar.

"Ai abin da nake gaya muku ke nan," in ji shi. "Babu lafiyayyar."

Ranar Alhamis kaji talatin da huɗu ne a ɗakin da mutum biyu ba za su miƙe ƙafa ba. Da masu jinya suka yi ƙaranci, wata tsohuwa ta kawo agwagwa, ya karɓa, ya ce a asibiti ma maƙwabci yana zama da mutum in dangi sun yi nisa.

Ba zan wanke kaina ba. Abin yana ba ni nishaɗi. Ni da hannuna na ɗinka masa farar riga da wani tsohon zanen gado, har da aljihun sa biro, don kawai in gan shi a ciki. Ya sa ta kuwa ya ƙi cirewa. Kullum da safe sai ya goya hannu a baya ya shiga zagayen marasa lafiya, yana ɗaga murya don in ji daga shago, wai ko zan ƙaru. Magani kala biyu ne: ruwan zafi a kwano da man zafi a ciki don turare, sai maganin tarin yara, cokali ɗaya sau uku a rana. Ba wa kaza talatin da huɗu magani da cokali ba ƙaramin aiki ba ne. Yakan fito rigar ta yi jirwaye, gashin kaza a gemu, yana haki.

Zakaru huɗu a ɗaki ɗaya kuma ba a zauna lafiya ba. Ya ɗaura igiya ya rataya labule, ya ce nan ɓangaren maza, can na mata. Zakaran mai walda ya bi ta ƙarƙashin labulen kafin ya gama bayani. Da ya sunkuya zai yi masa faɗa, zakaran ya sare shi a karan hanci. Ya fito da filasta a fuska, ya ce marar lafiya in ya fara faɗa da ma'aikata alamar sauƙi ce.

Yaya kullum ƙarfe huɗu tana bakin ƙofa, ita ce ta farko a layi. Kwana biyun alkawari suka wuce, ta ce a ba ta kazarta, ya ce zazzaɓin bai sauka ba, ko digo. 'Yan tsaki na can cikin kwali suna kuka, ita ke ba su tsaki da ruwa a murfin kwalba.

Ranar Juma'a sai asibitin ya fara amsa sunansa. Daga shagona ina jin atishawa kamar ana yi musu ƙidaya, wannan ta yi, waccan ta karɓa. Wani wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa har abokan cinikina suna toshe hanci. Mijin Yaya ya ce magani ne ke fito da cutar waje. Washegari da sassafe na gan shi ya fito da wani abu lulluɓe da ƙyallayena, ya bi ta ƙofar baya yana sanɗa.

Da aka buɗe ziyara matar direba ta ƙirga nata ta ga biyar. Ta tambayi ta shida, ya gyara tsayuwa ya ce an tura ta gaba.

"Gaba ina?"

"Babban asibiti."

"Babban asibitin da ke bayan katangarku? Don yanzu na wuto na ga kare yana jan wata ja mai kati a ƙafa."

Ya ce a aikin lafiya ba a tattauna sirrin marar lafiya a bainar jama'a. Ta ce sirrin yana can a bakin kare, ya je ya karɓo.

Yaya kuwa ta riga ta shige. Tana tsugune a cikin ɗakin, ta sami Ta Inna a lungu, idanunta duka biyu sun kumbura sun rufe, ta miƙe wuya tana buɗe baki tana neman iska. Kazar da aka shigar da ita lafiya ƙalau. Yaya ta miƙa hannu za ta ɗauke ta, mijinta ya ce ƙarfe biyar ta yi, ziyara ta ƙare. Ta janye hannunta ta fito. A nan dariya ta fara fita daga raina.

Lahadi da hantsi likitar dabbobi ta iso a kan babur, Yaya a bayanta. 'Yar siririya ce, da jaka da dogayen takalman roba. Kafin ta kafe babur labari ya zaga, masu kaji da marasa kaji suka cika tsakar gida, wasu a kan katanga. Mijin Yaya ya riga kowa isa ƙofar ɗakin. Ya tsaya cikin farar riga, ya miƙe hannu ɗaya ya tokare ƙofa, daidai yadda ya saba da ƙarfen get.

Ta gaishe shi da ladabi, ta ce Baba an ce kaji ba lafiya, ta zo ta duba.

"Ziyara sai ƙarfe huɗu."

"Ba ziyara na zo ba, Baba. Aiki na zo."

"Kina da kati?"

Ta ce ba ta da shi. Ya ce to ko shugaban asibiti ne ya zo ba kati, shi ya sha mayar da shi. Mai walda daga baya ya ce a tambaye shi ko shi ya sa aka yi masa ritaya da wuri.

Yarinyar nan tana da haƙuri. Ta tambaye shi yadda ya gano cutar. Nan ya samu abin da yake so. Ya zaro abin awon zafi ya ɗaga wa jama'a, ya ce kaji talatin da huɗu da agwagwa ɗaya ya auna, ba wadda ta yi ƙasa da arba'in da ɗaya. Ya ce in an koya mata wannan a makaranta, ta faɗa wa mutane abin da yake nufi.

"Yana nufin lafiyarsu ƙalau, Baba. Zafin jikin kaza ke nan. Ba irin namu ba ne."

Ya yi wata 'yar dariya, ya ce yaran zamani ke nan, a ce arba'in da ɗaya lafiya ce. Ta roƙi mai shayi ya kawo ɗaya daga cikin nasa. Aka kawo wata ƙatuwa mai sheƙi, tana ta fizga, bakinta da guntun burodi. Likita ta ce ya auna da hannunsa. Ya auna, ya duba, ya sake dubawa, ya juya abin ya kalli bayansa.

"Ita ma a kwantar da ita," in ji shi.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, har wani ya faɗo daga katanga. Yaya ce kawai ba ta yi ba. Ta tako ta kama mazagin wandonsa ta fizge mukullin, ya zama dole ya zaɓa tsakanin tsare ƙofa da tsare wando. Ya zaɓi wando.

Ƙofa na buɗewa wari ya buge mu, na gaba suka ja da baya. Agwagwa ce ta fara fitowa, lafiyarta garau, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Zakaran mai walda ya biyo ta sama ya taka masa kafaɗa. Ya ja baya zai kauce, ya taka kwanon turare, sai ga likitan unguwa zaune daɓas a cikin ruwa, hannu ɗaya riƙe da wando. Kajin da ke da sauran ƙarfi suka watsu a tsakar gida suna atishawa, masu su na bin su. Daga inda yake zaune yana ta cewa a bi lamba, kowa ya duba kati. Katunan kuwa tuni kajin suka tsattsage su.

Waɗanda ba su fito ba su ne abin tausayi. Uku sun mutu a ciki, sauran suna tsugune idanu a rufe.

Likita ta yaye buhun taga, ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tun farko zakara ɗaya ne ba lafiya, kuma da an ware shi can gefe shi kaɗai, inda iska ke shiga, an ba shi magani a ruwa, da ƙila maganar ta tsaya a kansa. Ta ce cutar numfashi ta kaji ba abin da take so kamar cunkoso da rufaffen ɗaki da kwanon sha ɗaya. Mijin Yaya ya ce shi a asibitinsu ba a barin marar lafiya shi kaɗai. Ta ce Baba, wannan ɗin kaza ce. Ta raba wa kowa magani, ta ce a ware masu ciwo, a wanke ɗakin, kuma ko sun warke kada a haɗa su da ƙanana.

Da ta zo kan Ta Inna ta daɗe tana dubawa. Ta yi mata allura, ta ce wa Yaya za a gwada. Yaya ta zauna a bakin ƙofarta da kazar a cinya, tana goge mata ido da ruwan ɗumi, tana ɗiga mata magani a baki. Kafin la'asar ta mutu.

Yaya ta yi kuka, ni ma na ji abin har cikin raina. Na san ba kaza kaɗai take yi wa kuka ba. Na ji kunyar rigar da na ɗinka, na ji haushin kaina da na zauna kwana shida ina kallo ta taga kamar an kawo min wasa.

Likita ta dawo da yamma ta duba 'yan tsakin, ta ce bakwai ɗin lafiyarsu lau, abin da ya cece su shi ne ba su taɓa shiga ɗakin ba. Mijin Yaya, da tun hantsi yake raɓe a gefe, sai na ga ya ɗago kai. Ya gyara murya ya ce ai dama dokarsa ce, shi ya ce ba a shiga da yara. Yaya ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwalin, ta ajiye masa a kan cinya.

"Kai ka raba su da uwarsu. Ga su nan. In ɗaya ya mutu, kada ka ce min an tura shi gaba."

Tun daga ranar ya shiga reno. Yana dafa ruwa ya zuba a kwalba, ya naɗe da tsumma ya sa musu su ji ɗumi. Yana murza musu tsaki da hannunsa, yana wanke hannu kafin ya taɓa su kamar yadda aka umarce shi. Cikin mako guda suka ɗauke shi uwa. In ya tashi su tashi, in ya shiga banɗaki su yi layi a ƙofa suna jira. Teburin mai shayi ya gagare shi, don matar direba na hango shi take tambayar lafiyar mai jego.

Wata safiya ina yanka yadi sai na ji tsiwa a bakin shago. Ga shi tsaye, shida na zagaye da ƙafafunsa, ɗaya a tafin hannunsa ya rufe da ɗayan hannun. Na gyara zama ina jiran lacca. Sai ya matso ya rage murya, ya ce ƙaramin nan ya yi atishawa sau biyu tun da gari ya waye.

Na ce to ai ga shi a hannun masana, me aka gano?

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya leƙa tsakanin yatsunsa ya dubi ɗan tsakon.

"Tela, kana da lambar wayarta?"

"Wa ke nan?"

"Likita," in ji shi. "Kira min ita kafin yayarka ta ji."